Kasuwar Tsofaffin Mujallun Jarumai a Amurka

Daga cikin kasuwannin da ke ci a ƙasar Amurka akwai wata wadda hajarta takarda ce tsohuwa, mai saurin yagewa, wadda danshin damina ɗaya ya isa ya halaka ta, amma duk da haka attajirai suna zuba mata dukiyar da za ta sayi gidaje da gonaki. Ita ce kasuwar tsofaffin mujallun zane, waɗanda ke ba da labaran jarumai ma'abota ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, irin su Superman da Batman da Spider-Man. Asalinsu abin nishaɗin yara ne. A kan buga su a takarda mafi arha irin ta jarida, a ɗinke tsakiyarsu da 'yar waya guda biyu, a jera su a rumfar mai jarida ko a kantin magani, yaro ya zo da santi 10 ya ɗauka, ya karanta, ya naɗe ya cusa a aljihun wando, ya ba abokinsa aro, har ranar da ta yi kaca-kaca aka share ta tare da shara.

Uwar hajar wannan kasuwa ita ce fitowa ta farko ta mujallar Action Comics, ta shekarar 1938, wadda a cikinta ne Superman ya fara bayyana, yana ɗauke da koriyar mota a bango yana maka ta da dutse, mutane na gudu don firgita. An buga wajen kofe 200,000, amma waɗanda aka san sun rage a duniya yau ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba, kuma dalilan salwantar sauran su ne suka haifi tsadar waɗanda suka tsira. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta yi ta kiran jama'a su kawo tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, yara kuwa suka yi ta jido mujallunsu suna kaiwa. Bayan yaƙi sai aka shiga zargin cewa mujallun suna lalata tarbiyya, har a wasu garuruwa aka tara su a filin makaranta aka cinna musu wuta, kana a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana jingina musu laifuffukan matasa, wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun. Abin da ya kuɓuta daga yaƙi da wuta kuwa galibi bai kuɓuta daga tsintsiyar uwa ba, ranar da ɗanta ya girma ya bar gida. Wanda ya yi mamakin wannan, to, ya tambayi kansa gida nawa ne a Zariya ko Kano za a tarar da fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta watan Janairun 1939, wadda ita ma sa'ar waɗannan mujallu ce, aka kuma saye ta da kwabo don a karanta kawai.

To, da masu nema suka yi yawa, abin nema ya yi ƙaranci, sai farashi ya kama hanyar sama. A 2010 aka fara sayar da kofe guda na fitowar farko ta Action Comics a kan dala miliyan 1. A 2014 wani ya kai dala miliyan 3.2 a eBay. A 2024 kuma kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas ya sayar da wani a kan dala miliyan 6. Fitowa ta 15 ta Amazing Fantasy, ta 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, wadda kuɗinta santi 12 ne a lokacin, ta kai dala miliyan 3.6 a 2021. Waɗannan alƙaluma su ne jaridu ke yayatawa, su ne kuma ke jawo baƙi cikin kasuwar, alhali kuwa ba su ne haƙiƙanin kasuwar ba.

Haƙiƙaninta sai mutum ya shiga zauren taron shekara-shekara, irin wanda aka fara a San Diego a 1970 a ɗakin ƙasa na wani otal, ya kuma yaɗu zuwa birane da dama. Kowane dillali yana da rumfarsa, a gabansa tebur, a kan teburin dogayen kwalaye farare a jere, kowane kwali cike da ɗaruruwan mujallu a tsaye, kowace mujalla cikin ledarta da ɗan farin kwali a bayanta don kada ta lanƙwashe. A ƙarƙashin teburin akwai wasu kwalayen na dala ɗai-ɗai, inda za ka ga magidanci mai furfura ya durƙusa, takardar lissafi a hannun hagu, yatsun dama suna tafiya a kan ledoji ɗaya bayan ɗaya, yana neman fitowa guda wadda ita kaɗai ta rage masa ya cika jerin da ya fara tarawa tun yana makarantar firamare. A bayan dillalin kuwa akwai bango na allo, inda ake kafa manyan kaya nesa da hannun mai wucewa, ba a sauko da su sai ga wanda aka ga alamar da gaske yake. Ciniki a nan da tayi ne da ragi, da tafiya da dawowa, mai saye ya nuna aibi, mai sayarwa ya nuna ƙaranci, kuma ranar ƙarshe ta taro ita ce ranar rahusa, domin babu dillalin da ke son ya sake ɗaukar kwalayen nan masu nauyi ya mayar cikin mota. Tun 1970 akwai kundin farashi na Robert Overstreet, wanda ake sabuntawa duk shekara, shi ne ya zama madogara idan gardama ta taso, ko da yake yanzu kowa na duba wayarsa ya ga nawa aka sayar da irinta jiya.

Babu abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar nan kamar kallon gwani yana duba haja. Ya kan zaro mujallar a hankali, yana kiyaye kada ɗan salatif ɗin bakin ledar ya kama bango, ya kwantar da ita a tafin hannu, ya karkata ta wajen haske don ya ga ko akwai alamar ninki a gadon bayanta. Sa'an nan ya dubi kusurwoyi huɗu ko sun dakushe, ya dubi wayoyin ɗinkin ko sun yi tsatsa har ta ci takarda, ya buɗe tsakiya ya ga ko shafin ya saki, ya ƙirga shafuffuka ɗaya ɗaya, ya lura da launinsu, fari ne ko ya koma ruwan ƙasa, har ma ya kai hanci ya sansana, saboda warin danshi ba ya ɓuya. Akwai fitowa ta 181 ta mujallar Hulk, ta 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar bayyana. Kamfanin Marvel ya sa wani ɗan tambari a shafi na ciki don yara su yanke su tara, yara kuwa da yawa suka bi umurni suka sa almakashi, yau ga shi rashin wannan ɗan guntun takarda yana zubar da babban kaso na kuɗin mujallar.

Da yake ba kowa ne gwani ba, kuma algus ya yi yawa, musamman da ciniki ya koma intanet inda mutum ke sayen abin da bai taɓa ba, sai a shekarar 2000 aka kafa kamfanin CGC, wanda mazauninsa ke Sarasota ta jihar Florida. Aikinsa shi ne a aika masa mujalla, masanansa su duba, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sa'an nan su rufe ta ruf cikin akwatin roba mai gani-har-hanji, da takardar shaida a sama: shuɗiya ga wadda ba a taɓa ba, shunayya ga wadda aka yi wa kwaskwarima da fenti ko gam, rawaya ga wadda aka sa wa hannu a gaban shaidunsu. Ba na musun fa'idar wannan tsari, domin ya rage garari a cikin ciniki, ya sa mutumin da ke wata nahiya ya san abin da yake biya. Illa iyaka ya zo da abu biyu da ke damuna. Na farko, bambancin maki 9.6 da 9.8, wanda idon yawancin mutane ba ya iya gani, ya kan ninka farashi, har aka sami masu sana'ar goge mujalla da zafi da matsi don ta hau mataki guda, aka kuma sami masu fasa akwati su sake aikawa ko Allah zai sa a dace da mai duba mai sassauci. Na biyu, wanda ya fi nauyi, mujallar da aka rufe ba ta karantuwa, duk wanda ya buɗe ta ya warware shaidarta; watau aikin mai zane da na marubuci, shafi talatin ko sittin, an kulle shi, bango kaɗai ya rage wa ido.

Labari biyu sun ishi mai hankali ya gane ɗabi'ar wannan kasuwa. Na farko na Edgar Church ne, wani mai zanen tallace-tallace a birnin Denver, wanda tun daga ƙarshen shekarun 1930 ya riƙa sayen kusan duk mujallar da ta fito, har wajen shekara ashirin, don ya riƙa duba salon zane saboda sana'arsa, yana jibge su a ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu, a gari mai busasshiyar iska. Bai tara su da niyyar riba ba. A 1977, da tsufa ya kama shi, iyalinsa suna son su kwashe kayan gidan, suka kira wani saurayi mai kantin mujallu, Chuck Rozanski, ya tarar da kusan kofe 20,000, da yawansu kamar ranar aka buga su, kuma har yau kofen da ya fito daga wannan tari ya fi ɗan'uwansa daraja a wurin gwanjo.

Na biyu shi ne abin da ya faru a farkon shekarun 1990, sa'ad da labarin tsadar tsofaffin mujallu ya game gari, jama'a suka ɗauka kowace sabuwar fitowa ma taska ce. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka shiga buga mujalla guda da bango iri-iri don mutum ya sayi duka. Fitowar farko ta sabon jerin X-Men a 1991 ta haura kofe miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka buga labarin mutuwar Superman cikin baƙar leda a liƙe, mutane suka yi layi a ƙofar kantuna, wasu suka sayi goma goma suka adana ba tare da sun buɗe ba, da fatan kuɗin makarantar 'ya'yansu ne suka ajiye. Shekara ba ta zagayo ba aka dawo da Superman da rai. Da masu ajiya suka fito sayarwa, sai kowa ya tarar maƙwabcinsa ma yana da nasa, sabo fil, babu mai saye. Dubban kantuna suka rufe, Marvel kansa, ga faɗuwar ciniki ga basussukan da masu shi suka ɗora masa, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Disambar 1996. Yawancin waɗannan mujallu yau suna cikin kwalayen nan na ƙarƙashin tebur.

Saboda haka duk mai shiga da niyyar jari ya kamata ya yi lissafi na gaskiya. Mujalla ba ta haihuwa, ba ta kawo kuɗin haya, ribarta ɗaya ce, a sami wanda zai biya fiye da yadda aka saya. Kafin wannan rana akwai kuɗin dubawa, da na inshora, da na ɗaki mai tsayayyen sanyi; a ranar kuma akwai la'adar kamfanin gwanjo, wadda ke kai kusan kashi ashirin cikin ɗari a kan mai saye, ga harajin ribar kayan tarihi a Amurka da ke kai kashi 28. Akwai ɓarayi: an sace kofen Action Comics na ɗan fim Nicolas Cage daga gidansa a 2000, ba a gan shi ba sai 2011 a wani ɗakin ajiya a Kalifoniya. Akwai najashi, inda wani ke ƙara tayi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Akwai kuma guguwar fim, wadda ke ɗaga farashin fitowa guda da zarar an ji ƙishin-ƙishin jaruminta zai shiga sinima, ta kuma sake shi bayan an gama kallo. A 2020 da 2021, lokacin kullen annoba, farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba, daga 2022 kuma kayan tsaka-tsaki da yawa suka sauko, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kwana ciki.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe kayan da mutum ya mallaka don amfanin kansa da wanda ya saya don tijara, suka ce niyya ce ke raba su, har hukuncin zakka ya bambanta. Suka kuma rarrabe mudiri mai jujjuya haja kullum da muhtakiri mai ajiyewa yana dakon tsada. Duka ukun suna cikin zauren taron mujallun nan, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba matuƙar ya san matsayinsa. Wanda nake tausayi shi ne mai zuciya biyu, wanda ya shigo don ƙauna, sa'an nan kwaɗayi ya sa ya daina karanta abin da yake so ya koma sayen abin da aka ce zai yi tsada, ya rasa daɗin karatu, ribar ma ba lalle ya same ta ba.

Akwai kuma haƙƙin da bai kamata a manta ba duk lokacin da aka buga gudumar gwanjo. Samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, su suka ƙago Superman, suka sayar da shi ɗungurungum a kan dala 130. Sun yi shekara da shekaru suna shari'a, suka tsufa cikin ƙunci, Shuster idonsa ya raunana, sai a 1975, bayan 'yan'uwansu masu zane sun tayar da murya, kamfanin da ke mallakar Superman ya yanka musu dala 20,000 kowannensu duk shekara, ya kuma mayar da sunayensu a kan aikin. Takardar cekin da aka biya su da ita a 1938, ita kanta an yi gwanjonta a 2012 a kan dala 160,000.

Kai mai karatu, in Allah ya kai ka irin wannan zaure kana da 'yan daloli a aljihu, shawarata ita ce ka gai da dillali, ka dubi bangon bayansa ka more ido, sa'an nan ka durƙusa wajen kwalayen ƙasa ka zaɓi abin da za ka karanta a daren. In kuwa dukiyar iyali ce kake neman inda za ka sa, to, ka nemi wata kasuwar.