Ƙwayar Masu Juna Biyu: Magana Ga Magidanta

Ya ku magidanta, maganar nan taku ce, domin a yawancin gidajenmu mace ba ta zuwa awon ciki sai da iznin miji, kuɗin mota kuma daga aljihunsa yake fitowa.

Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna mata 61 cikin kowane 100 na masu juna biyu suna da ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini kuwa, in jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, abin da wata za ta jure ita yana iya zama ajalinta.

Abin da aka saba ba su a asibiti ƙwaya ce mai sinadari biyu, watau ƙarfen jini da folik asid. Yanzu an soma shigo da wata mai sinadari 15, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara tun 1999. Biyun nan suna ciki, an ƙara aidin da zink da bitamin iri iri. A 2021 Hukumar Lafiya ta sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Da aka gwada ta da tsohuwar, sai aka ga jariran da ake haifa ba su kai kilo biyu da rabi ba sun ragu.

To, tsofaffi suna cewa ƙwayar asibiti tana ƙiba ɗa har haihuwa ta gagara. Wannan zato ne. Aikinta ta ɗaga ƙanƙanin jariri ya kai mizani, shi da sanyi kaɗan ko zazzaɓi ke kayarwa.

Guda ɗaya ake sha kullum, kwalba mai 180 ta wata shida ce. In bayan gida ya yi baƙi, ƙarfen ne, kada a tsorata. In tana tayar da zuciya, a sha bayan tuwon dare. Kada a kora ta da shayi, domin yana hana ƙarfe shiga jiki. Ba ta kuma ɗauke wa miji cefanen wake da zogale da kifi.

Babban cikas a wurinmu kunya ce. Mai cikin fari takan ɓoye har wata biyar ko shida, sa'an nan a kai ta awo, rabin amfanin ya wuce. Mijin da ya sani, ya gaya wa uwarsa ko uwar matar, a kai ta tun ciki bai cika wata uku ba.

Ga hukuma kuma: yawancin ƙwayar nan kyauta ce daga masu taimako na waje. Lalle jihohi su sa kuɗinta cikin kasafinsu, domin matar da ta yi tafiyar ƙasa daga ƙauye aka ce mata ta ƙare, da wuya ta sake dawowa.