Cire sinadaran PFAS daga ruwa

PFAS rukuni ne na dubban sinadarai da masana'antu ke haɗawa tun shekarun 1940, ana amfani da su wajen yin kaskon suya da abinci ba ya kamawa, tufafin da ruwa ba ya ratsawa, da kumfar kashe gobarar man fetur. Haɗin kabon da fulorin da ke cikinsu yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ba sa ruɓewa, wasu kuma kan yi shekaru a jinin mutum. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa PFOS a jerin sinadaran da aka taƙaita a 2009, sannan PFOA a 2019.

Hanyoyin gida

A garuruwan bakin tafkin Kainji, irin su Yauri da Ngaski, kamar sauran wuraren da ake ɗibar ruwan kogi, an saba gyara ruwa da alif, ko tacewa da ƙyalle, ko tafasawa. Waɗannan suna maganin laka da ƙwayoyin cuta, amma ba sa cire PFAS, domin narkewa yake yi a ruwa, ba launi ba wari. Tafasawa ma ƙara masa yawa take yi, tunda ruwan ne ke tafiya a tururi. Kulorin bai taɓa shi.

Hanyoyin da ke aiki

Mafi yaɗuwa ita ce gawayin tace ruwa, wanda ake sarrafawa da zafi har ya cika da ƙananan ramuka inda sinadarin ke maƙalewa. Ya bambanta da gawayin girki. Yana kama PFOS da PFOA sosai, amma ƙananan 'yan uwansu kan sulale, kuma idan ya cika dole a sauya shi. Akwai kuma ƙwayoyin roba masu janyo sinadarin, da matatar da ake tura ruwa ta cikinta da matsin famfo, wadda ta fi kowace tsarkakewa amma tana cin wutar lantarki.

Duk hanyoyin nan ware sinadarin kawai suke yi. Abin da aka tace sai an ƙona shi a zafin da ya kai digiri 1,000 ko fiye, in ba haka ba ya koma ƙasa.

A watan Afrilun 2024 Amurka ta ƙayyade nanogiram 4 a kowace lita ga PFOA da PFOS. PFOS kuma yana taruwa a jikin kifi, don haka a ƙasar masunta kamar Yauri, hana shi shiga kogi ya fi tace ruwan sha muhimmanci.