Marubutan da Suka Hango Gona Ta Zama Kufai

A adabin Afirkans, harshen Afirka ta Kudu da ya samo asali daga na Holan, in marubuci zai hango baƙar gobe, gona yakan nufa. A 1972, mulkin wariyar launin fata na ganiyarsa, Karel Schoeman ya fitar da Na die geliefde land. A littafin, wani da ya tashi a Suwizalan ya dawo neman gonar iyayensa, ya tarar mulki ya kuɓuce wa fararen fata, danginsa suna kwana da fargaba. A 2006 Eben Venter ya bi sawunsa da Horrelpoot, inda hukuma ta watse, lantarki ya ɗauke, gonar gado ta lalace. Tsoronsu na mai riƙe da kayan da ya san akwai haƙƙi a kansu ne, domin dokar filaye ta 1913 kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kawai ta bar wa baƙaƙen fata.

Mu ma muna da namu. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina. Bai kai labarinsa wata shekara mai zuwa ba, amma a ganina ya hango nesa. Jarumin littafin, Mailoma, ɗan ƙauyen Maguzawa ne, irin waɗanda har yau ake samu a ƙasar Malumfashi. Yaƙin basasa ya ƙare, bindiga ta saura a hannun waɗanda suka iya ta, sai Mailoma ya tara ƙungiya, kisa da ƙwaya suka zama sana'a. Gagare ya gane abin da hukuma ta yi sakaci da shi: saurayin da ƙauye ya kasa riƙewa, gari kuma bai karɓe shi ba, daji ne zai ɗauke shi.

Mai karanta littafin a Funtuwa yau ba ya ɗaukarsa almara. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa an kai matsayin da manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe masarar da ya shuka da guminsa. Wannan manomi bai ƙwace gonar kowa ba, nan ne muka rabu da Schoeman da Venter.

Gagare ya bi ɗan ta'adda ne. Littafin da nake jira shi ne wanda zai bi matar da ta sayar da shanun huɗa don kuɗin fansa, ta dawo Funtuwa tana auno masara a kwano, ita da a da take cika rumbu uku.