Shari'ar Hadijatu Mani da ƙasar Nijar: alhakin hukuma game da shirun alƙali

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba shari'ar da Hadijatu Mani ta yi da ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO a shekara ta 2008. Tambayarmu ɗaya ce: in wani mutum ne ya bautar da ita, don mi aka ɗora wa ƙasa laifi?

1. Asalin magana

A shekara ta 1996 aka sayar da Hadijatu, tana da shekara 12, ga wani mai hali na yankin Birnin Ƙonni a kan jika 240 na sefa. Ta shiga gidansa a matsayin wahaya, wato macen da ake ƙarawa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ta yi kusan shekara 9 tana aikin gida da na gona.

A shekara ta 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da horon ɗauri na shekara 10 zuwa 30. A watan Agusta 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, ya ce matarsa ce.

2. Gaban kotunan gida

A Nijar, kan maganar aure da saki, doka ta yarda alƙali ya bi al'adar masu ƙara. Nan ne matsalar ta ɓullo. A watan Maris 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure, tun da ba a cika sharuɗɗansa ba. A watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta rushe wannan hukunci, ta ce bisa al'ada baiwar da aka ƴanta tana nan matar ubangijinta. A watan Disamba kotun ƙoli ta soke hukuncin na biyu bisa kuskuren tsari, ba ta taɓa zancen bauta ba.

Ana cikin haka Hadijatu ta auri wanda take so. Tsohon ubangijinta ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A watan Mayu 2007 aka yanke mata ɗaurin wata 6, ta yi wajen wata 2 a gidan kaso kafin a sake ta.

3. Hukuncin kotun CEDEAO

Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyin waje ta shigar da ƙara. Kotun ta zo ta yi zama a Yamai cikin watan Afrilu 2008. Lauyoyin gwamnati sun kawo hujja biyu: ba ta gama bin kotunan gida ba, kuma tun da an ƴanta ta ba ta da hurumin ƙara. Kotu ta ƙi su duka.

Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotu ta tabbatar cewa an bautar da Hadijatu. Ba ta ce gwamnati ce ta saye ta ba. Abin da ta ce shi ne, alƙalan ƙasa sun ga shaidar bauta cikin takardun da ke gabansu, ya kamata su tada maganar da kansu, su sa a tuhumi mai laifi, amma suka yi shiru. Alƙali kuwa da sunan ƙasa yake hukunci, saboda haka shirunsa ya hau kan ƙasa. Kotu ta umurci Nijar ta biya diyyar miliyan 10 na sefa. Sai dai ba ta yarda cewa ɗaurin da aka yi mata ya saɓa doka ba, domin kotu ce ta yanke shi.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, rubuta doka bai sauke wa hukuma nauyi ba, sai an yi aiki da ita a zauren shari'a, kuma al'ada ba ta halatta abin da dokar laifi ta hana. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025, wato hanyar da Hadijatu ta bi ta rufe ga sabbin ƙararraki. Macen da ke cikin irin halinta a yau, dogaronta ya koma ga dokar 2003 da alƙalin gida da zai karanta takardarta.