Daga kaset zuwa katin waya: yadda za a adana waƙoƙin dā ba a rage musu murya ba

Duk wanda ya ratsa tashar Magariya ko kasuwar Dungas ya san rumfunan samarin da ke zaune gaban kwamfuta, suna tura waƙoƙi da wa'azi cikin katin waya. Hajar tana shigowa ta Babura da Maigatari, ta bazu har Wacha, Bande da Dogo-Dogo. Mai saye tambaya ɗaya yake yi: waƙa nawa katin zai ɗauka? Mai turi kuwa ya san amsar da ake so, sai ya matse waƙoƙin har dubu su shiga inda ɗari uku ya kamata.

Ga waƙar fim ta Kano wannan ba asara ba ce, domin gobe ana iya sake samunta. Abin ya sha bamban ga kasusuwan da ke cikin akwatunan tsofaffin fatake da ma'aikatan da suka yi ritaya: kiɗan naɗin sarauta, wasan makaɗan gari a wurin biki, waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da wani ya ɗauka daga Muryar Sahel, ko wani zaman Mamman Shata da bai taɓa shiga kanti ba. Shata ya rasu a 1999, Malam Mamman Barka a 2018. Sau da yawa kaset ɗin da ke cikin akwati shi kaɗai ne ya rage a duniya, zafi da ƙurar hunturu kuma suna cinsa a hankali. Ranar da aka juye shi zuwa kwamfuta, ranar ce ake yanke hukuncin abin da jikoki za su ji.

Tsarin ajiye sauti iri biyu ne. Akwai wanda ba ya zubar da komai, irin su WAV da FLAC. Akwai kuma wanda ke rage nauyi ta hanyar jefar da abin da ake zaton kunne ba zai lura da shi ba, irin su MP3, AAC da Opus. MP3, wanda masana na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa, ya zama ƙa'idar duniya a 1993. Abin da ya jefar ba ya dawowa. Wanda ya ɗauki waƙa mai ma'aunin 64 ya juya ta zuwa 320 ya ƙara wa buhu girma ne kawai, hatsin yana nan yadda yake. Mafi muni, kowane sabon juyi daga MP3 zuwa MP3 yana ƙara ɗebe wani abu. Nan ne kalangu ke rasa kaifinsa, muryar ƴan amshi ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa.

Lissafin ba shi da wuya ga ɗan kasuwa. Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan mega 10. MP3 mai ma'aunin 128 yana cin kusan mega 1, mai 320 kuwa mega 2 da kusan rabi. Ke nan katin jiga 8 zai ɗauki wajen awa 138 a ma'aunin 128, awa 55 a 320, amma awa 12 da ɗoriya kawai a WAV. FLAC, wanda ya fito a 2001, yakan rage nauyin WAV da kamar sulusi zuwa rabi ba tare da ya taɓa ko ɗigo na sautin ba.

Saboda haka kaset mai daraja yana bukatar kwafi biyu. Na farko shi ne uwa, a WAV ko FLAC, wanda ba a taɓawa. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, tana son a ɗauka da aƙalla kilohaz 48 da bit 24. Wanda na'urarsa ba ta kai nan ba, ingancin CD ya fi zama jiran da ba ranar ƙarewa. Daga uwar ne ake fitar da na yawo, MP3 a 128 ko 192, domin ƙananan rediyoyi masu kati da na motocin haya galibi MP3 suka sani, da yawansu kuma ba sa karanta katin da ya wuce jiga 32. In kaset ɗin da makirfo ɗaya aka ɗauke shi, kamar yawancin na bukukuwa, a fitar da shi a layi ɗaya: ma'aunin 64 zuwa 96 ya wadatar.

Akwai al'adar da ta fi kowace ɓarna, ita ce kara waya kusa da lasifikar rediyo a ɗauka, sannan a aika ta WhatsApp a matsayin saƙon murya. Wannan saƙo da Opus ake matse shi a ƙaramin ma'auni da aka tsara don magana, ga kukan awaki da ƙarar janareta sun shiga ciki. Igiyar da za ta haɗa rediyon da kwamfuta kai tsaye ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba. A goge kan na'urar da auduga da ɗan alkol kafin a fara, a kuma kula kada ƙarfin sautin ya kai ja. In za a aika wa ɗan'uwa a Yamai ko Kano, a tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda yake.

Katin waya kuwa ba rumbu ba ne. Na jabu sun cika kasuwa, suna nuna jiga 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, sai sabuwar waƙa ta hau kan tsohuwa ta shafe ta, mai shi bai sani ba. A ajiye uwar a wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen wani amintacce a wani gari. A rubuta sunan makaɗi, gari da shekara a kan kowace waƙa tun dattijon da ya halarci wurin yana iya tunawa. Shi kuma kaset ɗin a mayar da shi cikin kwalinsa, a sa shi a inuwa nesa da lasifika, domin maganaɗisunta na iya goge abin da ke kan zaren.