Allurar Geji Ta Yi Ƙarya ko Inji ne Ba Lafiya?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Ƙanƙara da Faskari, ko daga Funtuwa zuwa Sabuwa, ya taɓa zama a tsohuwar motar da allurorin gabanta suka daɗe da kwanciya. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci ƙirar Peugeot 504 ne, wato Fijo, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Idan fasinja ya yi tambaya, direba kan ce, "Ai geji ne kawai, inji lafiya lau." To, ta yaya ya sani? A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, mutuwar mota a tsakiyar daji da almuru ba hasarar kuɗi kaɗai ba ce.

Jiki Magayi

Ɗalibin da ya karanta ilimin halittu ya riga ya san sirrin geji. Idan yatsa ya taɓa garwashi, abubuwa uku ne ke aiki: ƙwayoyin ji da ke cikin fata, jijiyar da ke ɗaukar saƙo, da cibiyar da ke fassara shi. Ƙwayar cutar kuturta, wadda likitan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya gano a 1873, jijiyoyi take lalatawa. Shi ya sa mai ita kan ƙone bai ji ba. Wuta na nan da zafinta, labari ne bai iso ba.

Haka abin yake a mota. Akwai na'urar ji a jikin inji ko cikin tanki, akwai waya, sannan akwai allura a gaban direba. Saboda haka, allura mai kawo labari ce kawai, kuma binciken duka bai wuce gano wanne ne ya yanke daga cikin ukun ba.

Yadda Gejin Yake Aiki

Na'urar jin zafi ɗan dunƙulen tagulla ce da ake ɗaurawa a kan inji, bakinta na taɓa ruwan da ke zagayawa. A cikinta akwai sinadarin da turjiyarsa ga lantarki ke raguwa idan ya ɗau zafi, halin da Michael Faraday ya lura da shi a 1833. Bisa dokar Georg Ohm ta 1827, idan turjiya ta ragu, wutar da ke wucewa sai ta ƙaru, allura kuwa ta hau. Gejin mai shi ma hakan ne, sai dai wani ƙoƙo ne mai yawo a saman fetur ke sauya turjiyar yayin da yake hawa da sauka. Mafi yawan waɗannan na'urori waya ɗaya gare su, domin ƙarfen jikin mota ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Tsatsar damina da ƙurar hunturu kan toshe wannan hanya.

Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Idan allurori duka suka mutu lokaci guda, da wuya a ce na'urorin ji ne suka lalace tare. A duba fis, da soket ɗin da ke bayan allon geji, da wayar da ke haɗa allon da jikin mota. Allurar da ke motsawa duk lokacin da aka kunna fitila, alama ce ta cewa wannan haɗi ya yi sako-sako ko ya yi tsatsa.

Mataki na biyu ya shafi batir. Lafiyayyen batir kan nuna kimanin bolt 12.6 a mita idan inji na kashe, ya kuma kai wajen 14 idan inji na aiki.

Mataki na uku na allura ɗaya ne. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a zare wayar na'urar jin zafi, a taɓa ta da tsabtataccen ƙarfen inji na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kada a wuce haka, gudun ƙona geji. Idan allura ta zabura sama, waya da geji lafiyarsu ƙalau, na'urar ji ce ta mutu. Idan ba ta motsa ba, laifin na waya ne ko na gejin kansa. Idan kuwa an zare waya amma allura na nan a ƙololuwa, to, wayar ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Gwajin tankin mai kuwa a bar wa rewaya, domin tartsatsi ɗaya a bakin tanki ya isa ya tayar da gobara.

Inda Haɗarin Yake

Wani lokaci geji lafiyarsa lau, amma ya ruɗi direba. Idan ruwan lagireto ya tsiyaye, bakin na'urar ji ba ya cikin ruwa, allura na iya zama a tsakiya ko ma ta sauka alhali inji na toyewa, har gaskit ya ƙone. Don haka a riƙa duba ruwa da safe, inji na sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto da zafi, domin matsin da ke ciki na hana ruwa tafasa ko ya wuce digiri 100, da an buɗe kuwa sai ya yi feshi.

Jar fitilar baƙin mai ita ma ba abar wasa ba ce. Ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta ɗauke da zarar inji ya tashi. Idan ba ta kama ba tun farko, ƙwai ko makunninta ya mutu. Idan ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take.

Kammalawa

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: allurar da ta kawo mugun labari a gaskata ta har sai bincike ya ƙaryata ta, wadda ta yi shiru kuwa kada a ɗauki shirunta shaidar lafiya. Malamai na iya nuna wannan a aji da batirin tocila, ƙaramin ƙwai da bakin fensir. Idan aka tsawaita ɓangaren bakin fensirin da wuta ke bi, haske zai dushe, kamar yadda allurar mai ke sauyawa idan ƙoƙon tanki ya motsa. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya taimakon mahaifinsa ya gane ciwon mota tun tana ƙofar gida.