Wa Za Ki Nuna Wa Zanenki?

'Yar'uwa, in kin zana fuskar yaro da allin nan mai launi da ake kira pastel, kada ki fara kai wa uwarsa. Ita madalla za ta ce, ko da kin ba ɗanta hancin wani.

Na taɓa zana 'yar maƙwabciyarmu mai shekara 4, mutan gida duk suka yaba. Da na kai wa wata malama abokiyar aikina, wadda ita ma takan taɓa zane, sai ta ce, "Malama, wannan ai ta isa aure." Raina ya ɓaci, amma ta fi ni gaskiya. Na sa idanun can sama kamar na babba, alhali kuwa na ƙaramin yaro ƙasa da tsakiyar kai suke, ga goshi da faɗi, haɓa 'yar ƙarama. Layin da na ja daga hanci zuwa baki ya ƙara tsufar da ita.

Neman gyara ba abin kunya ba ne. Mary Cassatt, Ba'amurkiyar da ta zauna Faransa, ta yi suna wajen zanen uwa da ɗa, ita ma abokin sana'arta Degas yakan duba aikinta.

To, in za ki nuna, kada ki ce, "Ya yi kyau?" Tambaye ta, "Shekara nawa kika ba yaron nan?" Ku jingina takardar da bango ku ja da baya, sa'an nan ku duba ta cikin madubi, gama nan karkata takan fito fili. Sai dai ki hana ta sa yatsa, allin gari ne, yana gogewa.